Mai Niƙa a Sifikar Baya

Abin da ya tsayar da Bilyaminu a hanya ranar nan ba wani babban abu ba ne. Shiru kawai yake nema.

Daga Zurmi ya fito, inda ya wuni yana ɗaukar bidiyon bikin Mubaraka, ƙanwar matarsa. Lokacin Shari'a ba ta daɗe da kankama a Zamfara ba. Makaɗa sun rataye kalangu, biki ya koma walima: a yi wa'azi, a yi addu'a, a ci shinkafa, kowa ya kama gabansa. Lada kam an samu, amma a bidiyo abin sai ya fito a bushe. Ga shi kuma angon, wani ɗan kasuwa mutumin Shinkafi, ya sayo na'urar kallo mai sifika shida daga Kano. Ya ja wa Bilyaminu kunne cewa in ya saka faifan bikinsa, so yake sauti ya kewaye shi gaba da baya, kamar yana zaune a tsakiyar taron.

Shi kuwa Bilyaminu dama abin nema ne ya samu. In dai maganar sauti ce, ko abinci aka ajiye masa sai ya huce. A duk Kaura Namoda shi kaɗai ne kwamfutarsa ke iya raba sauti gida shida: biyu a gaba, hagu da dama, ɗaya a tsakiya don maganar mutane, ɗaya a ƙasa mai gurnani, sai biyu a baya. Kyamara na gaba kawai take ba shi. Na baya sai ya nemo abin da zai zuba musu, irin motsin ganye, kukan tsuntsu daga nesa, numfashin ƙauye da yamma. A cikin Kaura ba a samun wannan. Ko ina ka kafa makirfo, babur ne ko injin markaɗe zai shigo maka.

Shi ya sa da ya kusa Ɗan Isa, ya hangi wani kufai a gefen hanya, sai ya kashe babur ya gangara.

Damina ce, gero ya fi mutum tsawo. Amma a cikin kufan babu shuka, sai guntayen katanga da ruwa ya cinye, da tafasa, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Abin da ya burge shi shi ne ko gyare ba ya kuka a wurin. Ya ɗora ƙaramar rakodarsa a kan wani faffaɗan dutse mai kwarmi a tsakiya, ya danna, kaset ya fara juyawa. Murna ta hana shi lura da irin dutsen.

"Samari, mi kaka nema nan da almuru?"

Wani dattijon Bafillace ne tsaye a bakin kufan, sanda a kafaɗa, shanunsa sun yi cirko-cirko a bayansa, babu wadda ta tako ciki. Bawa sunansa, kamar yadda Bilyaminu ya ji daga baya.

"Ba komi, Baba. Sauti nika ɗauka."

"Nan ba a ɗaukar komi," in ji Bawa, murya ƙasa-ƙasa. "Ko tsingaro yara sunka ɗauko wurin wasa, sai an maido shi inda yake kahin rana ta hwaɗi. Haka munka iske."

Bilyaminu ya yi murmushin nan na mai jin ya ga duniya. "Baba, sauti na fa kawai. Ba abin da za ya ragu."

"Kai kas sani." Dattijon ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ka dai yi sallama da za ka shiga?"

Bai yi ba. Wa zai yi wa kango sallama? Ya yi dariya, ya ɗora yatsa a baki alamar a yi shiru, rakoda na aiki. Bawa ya kaɗa shanunsa ya bi ta nesa da wurin.

Bilyaminu ya saurara ta abin kunne. Babu komai. Shiru ne tsantsa, irin wanda bai taɓa samu ba. Ya cika fuska guda ta kaset, ya jefa rakodar a jaka, ya hau babur yana fito.

Washegari bayan La'asar ya zauna aiki. Ɗakin aikinsa shago ne a jikin zauren gidansa. Ya kafe sifika a kowace kusurwa, ɗaya a saman allon kwamfuta, akwatin gurnani a ƙarƙashin tebur. Kujerarsa na tsakiya daidai, har da alamar alli a ƙasa don kada wani ya gusar da ita.

Daga cikin gida yana jiyo matarsa Zulaihat tana wanki tana 'yar waƙarta. Waƙa ce marar kalmomi, a hanci take yin ta, ta ce wurin kakarta ta gada. Da ita take shara, da ita take tuƙa tuwo, da ita take lallashin ɗansu Ammar. Bilyaminu kan tsokane ta da cewa ya auri rediyo marar batir. Amma a ransa ya san ranar da ya dawo gida bai ji ta ba, to ba lafiya.

Da safe ya sa ta ta yi wa ƙanwarta 'yar nasiha a makirfo, don ya buɗe faifan da ita. A allo kowace sifika da layinta, sai ya fara ɗora nasihar a layin tsakiya. Muryarta ta fito daga saman allo, garau: "Mubaraka, ki riƙe salla, ki riƙe haƙuri. In kewa ta kama ki, ki tuna muna nan, Shinkahi ba nisa gare ta ba." Ta ƙarasa da 'yar dariya mai haɗe da kuka. Ya ji daɗin yadda ta fito.

Sannan ya juye kaset ɗin kufai cikin kwamfuta, ya ɗora shi a layin baya na hagu.

Duk mai wannan aiki ya san kamannin shiru a allo. Zare ne miƙaƙƙe, ba tudu ba kwari. Amma wannan da tudu-tudu ya fito, a jere, tazara ɗaya, kamar kunyoyin gona. Ya ɗan yi tsaki, ya ɗauka kan rakodar ne ya yi datti. Ya danna ya ji.

Gurrr. Gurrr.

Daga bayan kafaɗarsa ta hagu. Ba ƙarar inji ba ce. Dutse ne a kan dutse, da hatsi a tsakani. Ya san sautin, don ya taso kakarsa tana niƙa. Sai a lokacin ya tuna dutsen nan mai kwarmi da ya ɗora rakoda a kai.

Ya ƙara murya. Tsakanin turawa da jawowa akwai wani abu kuma. Numfashi ne. Ana jan iska da ƙarfi, irin jan da mace ke yi in za ta ɗauki waƙar niƙa, sai kuma babu abin da ya fito. A sake turawa, a sake jan numfashin, a sake rasa murya.

Jiya da kunnensa ya saurara, babu wannan.

A gefen allon akwai wani ɗan akwati mai kusurwa huɗu, hoton ɗakin mai sauraro ke nan, da ɗigo a ciki. Inda ka ja ɗigon da linzamin kwamfuta, nan sautin zai zauna a ɗaki. Shi da hannunsa ya kai ɗigon kufai can kusurwar baya ta hagu. Da ya duba, ɗigon ya bar kusurwa.

Ya mayar da shi. Ya ɗauke hannu.

Ɗigon ya motsa. A hankali, kamar kaska a jikin saniya, yana nufar gaba, wajen layin tsakiya. Niƙan ma ya baro kusurwa. Yanzu daga bayan kujerarsa yake fitowa, inda babu sifika ko ɗaya.

Wani ƙamshi ya cika ɗakin, na ɗanyen garin gero.

Ya kai ido kan layin tsakiya, inda muryar Zulaihat take. Ɗazu tudunta manya ne, cike da layin. Yanzu sun sirance. Yana kallo na farkon ya lotsa, ya kwanta, ya zama zare. Na biyu ya bi shi.

A cikin gida waƙar ta tsaya. Ya ji tari.

"Baban Ammar," ta kira, murya a shaƙe. "Wani abu ya tokare man maƙoshi."

A bayansa aka ja numfashi. Wannan karon wani siririn sauti ya biyo baya, yana rawa, kamar mai gwada sabon takalmi. A hanci aka yi shi. Farkon waƙar Zulaihat ne.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ya danna gogewa. Layin kufai ya ɓace, ya dawo. Ya sake, ya sake dawowa. Ɗigon saura kaɗan ya kai tsakiya. Ya duƙa ƙarƙashin tebur ya fizge wayar wuta gaba ɗaya. Allo ya yi baƙi. Sifikoki suka yi ɗif.

Gurrr. Gurrr.

Daga cikin jakarsa da ke rataye a ƙusa.

Labulen ƙofa ya ɗaga. Zulaihat ce, hannu duk kumfa, ta riƙe wuya. Bakinta na motsi, yana ganin tana kiransa, amma ko iska ba ta fitowa. Idanunta sun firfito, hawaye na zuba. Ammar na riƙe da zanenta yana kallon bakin uwarsa.

Tsoron da ya kama Bilyaminu a nan ya fi na niƙan. Ya ɗauko abin mutane ya kawo gida, su kuma sun zo ɗaukar nasa. Maganar dattijon ta faɗo masa: a mayar inda yake kafin rana ta faɗi. Jiya ya bari ta faɗi. Bai san ko za a karɓa yau ba.

Ya leƙa waje. Rana ta yi ja.

"Zulai, ɗauki yaron ga ki shiga wurin Inna Kulsumu," ya ce, yana nufin tsohuwar da ke maƙwabtaka da su. "Kak ki zamna ke ɗai. Ki ta karatu cikin zucciya. Yanzu nika komowa."

Ta riƙe masa riga tana girgiza kai. Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya saɓa jakar a baya, ya tada babur.

Bai taɓa gudu irin na ranar ba. Ya wuce tashar jirgi, ya wuce masu gasa masara, wani ya ɗaga masa hannu bai ko gani ba. Ƙarar babur ba ta rufe niƙan ba. A gadon bayansa yake jin sa, turawa da jawowa, kamar a kan ƙashinsa ake yi. Waƙar kuma tana ƙara ƙarfi. Tun tana yankewa har ta fara zuwa ƙarshe ta sake ɗaukowa, daidai yadda Zulaihat ke yi in tana tankaɗe.

Da ya iso, rana ta taɓa kan gero. Bawa na tsaye nesa da kufan, shanunsa sun cure wuri guda. Ya dubi jakar, ya dubi fuskar Bilyaminu.

"Wa ta kama?" shi ne kawai abin da ya ce.

"Matata, Baba. Muryarta."

Dattijon ya runtse ido. "Yi sallama. Aje inda kaɗ ɗauka, ka bari shi hita duka. In an tambaye ka, ka amsa. Amma komi kaj ji, kak ka waiga."

Bilyaminu ya tsaya a bakin kufan.

"Assalamu alaikum."

Niƙan ya tsaya cak. Ba a amsa ba.

Ya taka ciki. Tafasa na shafar ƙafarsa, sanyi kamar an jiƙa ta. Ya durƙusa gaban dutsen. Jiya busasshen ganye ne a kwarminsa. Yau an share shi tas, har da ɗan farin gari a gefe.

Ya ciro rakodar, ya mayar da kaset farko, ya ajiye, ya danna.

Kaset na juyawa. Babu abin da ke fita sai huci.

Sai niƙan ya dawo, amma ba daga rakodar ba. Daga bayansa, dab da shi. Yana jin ƙasa na ɗan girgiza a ƙarƙashin gwiwarsa da kowace turawa. Yana jin ƙarar awarwaro. Yana jin warin tsohon zane da ya daɗe a rufe.

Ya fara Ayatul Kursiyyu. Harshensa ya harɗe a tsakiya, ya koma farko.

Har yanzu da sauran kaset. Hasken rana ya bar dutsen, ya hau katanga.

Niƙan ya tsaya. Aka taso. Taku ɗaya. Wani takun.

Numfashi ya sauka a ƙeyarsa, mai sanyi.

"Baban Ammar."

Muryarta ce. Ba kama ba, ita ce, har da yadda take jan ƙarshen sunan.

"Baban Ammar, na biyo ka. Tsoro nika ji. Waigo ka riƙe ni."

Wuyansa ya fara juyawa da kansa. Ya kai hannu biyu ya riƙe kansa, ya kafa ido a kan kaset. Hawaye na ɗiga a kan dutsen.

"Baiwar Allah," ya ce, da ƙyar. "Na yi kure. Na shigo miki ba sallama, na ɗauki abin da ba nawa ba. Ga shi na maido. Ki dubi Allah ki maido mata nata."

Shiru. Hasken ya bar katanga.

Aka matso har leɓe ya kusa taɓa kunnensa. Wannan karon muryar biyu ce a haɗe, ta Zulaihat a sama, wata busasshiya a ƙarƙashi.

"Duka?"

Ya buɗe baki. Kalma ɗaya ce ake jira. Amma wani abu mai sanyi, siriri kamar yatsa, ya sauka a kan maƙogwaronsa yana lalube, kamar mai zaɓen kaya a kasuwa.

Ƙat! Kaset ya ƙare.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya bar rakodar, ya bar takalmi ɗaya, ya keta tafasa da gudu, ya faɗi, ya tashi, bai waiga ba. Daga Ɗan Isa aka ɗauki kiran Magariba daidai lokacin da ya faɗo gaban shanun Bawa. Dattijon ya ɗaga shi, ya tofa masa addu'a a ka.

"Ka amsa?"

Bilyaminu ya girgiza kai. Haki kawai yake.

A masallacin bakin hanya ya yi salla, ƙafa ɗaya ba takalmi. Da ya iso gida ya daɗe tsaye a ƙofar Inna Kulsumu, ya kasa ɗaga labule. Daga ƙarshe ya yi gyaran murya.

"Wa na nan?" aka ce daga ciki. "Baban Ammar, kai na?"

Sai ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka kamar yaro. Muryar ta dawo, garau, wai ana kiran salla ta ji abin ya sake ta.

Da ya kunna kwamfuta bayan an yi saukar Alƙur'ani a ɗakin, layin kufai babu shi, nasihar Zulaihat kuma ta cika layinta kamar da. Ya haɗa faifan bikin ya bar layukan baya wayam. Angon ya yi ta mita cewa sifikokinsa biyu ba sa aiki, Bilyaminu ya ba shi haƙuri. Na ɗakinsa ma ya ciro su daga kusurwa, ya juya kujerarsa ta jingina da bango. Tun daga nan ko rumfar mai shayi zai kafa makirfo, sai ya yi sallama.

Zulaihat na magana, tana dariya, tana yi wa Ammar faɗa. Gidan dai ya yi masa wani iri, ya ɗauka tsoro ne bai gama sakinsa ba.

Bayan an yi girbi ya haɗu da Bawa a kasuwar Kaura, wajen masu gishirin shanu. Suka gaisa, dattijon ya tambayi mai jiki, ya ce ta warware. Bawa ya jinjina kai.

"Tun ina yaro nika jin niƙan ga in na wuce da almuru," ya ce. "Niƙa kawai, ba ta taɓa cewa komi ba. To yanzu ta samu waƙa."

Ya rage murya, ya yi ta a hanci, kaɗan, kamar mai jin kunya. Bilyaminu bai tsaya ya ji ƙarshe ba.

Ya tarar da Zulaihat a tsakar gida tana tankaɗe. Rariya na kaɗawa, gari na zuba, bakinta a rufe. Ya tsaya yana kallonta har ta ɗago.

"Lahiya, Baban Ammar?"

"Zulai, ɗan yi man waƙar ga taki. Ta kakarki, wadda kika yi in kina aiki."

Ta dube shi, ta yi murmushi, tana jiran ya ce wasa yake.

"Wace waƙa?"